Me ya sa nake ganin fuskar mutum a silin da gaban mota?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Tun ina yarinya nake ganin kamar fuskar mutum a jikin abubuwa: a silin ɗin da ruwan sama ya ɓata, a soket ɗin wuta, har gaban mota sai in ga kamar ta ɗaure fuska. Da na faɗa wa yayata sai ta ce in dage da addu'a kada ya zama gamo ne. Don Allah lafiyata ƙalau kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Addu'a ba ta yawa, ki ci gaba da abinki, amma abin da kika bayyana kusan duk mai lafiyayyar ƙwaƙwalwa yana yinsa. Masana suna kiransa faraidoliya.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa, daura da bayan kunne, akwai wani ɗan yanki da ya ƙware wajen gane fuska. Wata masaniya a Amurka, Nancy Kanwisher, ita da abokan aikinta suka fayyace shi a 1997. Yankin nan gaggawa gare shi. Da ya ga ɗigo biyu a sama da wani abu a ƙasansu, shi ke nan, ya yanke hukunci cewa ga idanu ga baki. Yana yin haka cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, tun kafin tunani ya iso ya ce ai soket ne. Shi ya sa ko bayan kin tabbatar soket ne, fuskar ba ta gushewa.

Alamu sun nuna da karkata zuwa ga fuska ake haihuwarmu. A wani gwaji na 1975 an nuna wa jarirai sabbin haihuwa, waɗanda ba su fi 'yan mintuna a duniya ba, allo mai zanen fuska da wani allon da aka hargitsa zanensa. Mai kama da fuskar suka fi bi da ido. A 2017 kuma aka gano birai ma suna ruɗuwa irin haka.

Ga dalilin wannan gaggawa da masana suka fi karkata gare shi, ni ma ya fi kwanta mini. Ki ɗauki mai tafiya a daji da almuru. In ya ga kututture ya zaci mutum ne, iyakacinta gabansa ya faɗi ya wuce. In kuwa ɗan fashi ne ya laɓe, shi ya zaci kututture ne, yana iya rasa ransa. Ƙwaƙwalwa ta gwammace kuskure na farko sau dubu. Dama an ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Motar da kika ce ta ɗaure fuska ma akwai bayaninta. A 2021 David Alais da abokan aikinsa a Jami'ar Sydney ta Ostareliya sun nuna cewa hanyar da muke karanta fushi ko fara'a a fuskar mutum, da ita muke karanta su a waɗannan fuskokin na bogi.

Kada ki ga kamar ke kaɗai ce. Ranar 25 ga Yuli, 1976, kumbon Viking 1 na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya ɗauko hoton wani wuri a duniyar Mars, aka ga fuska ɓaro-ɓaro. Mutane suka yi shekaru suna cewa wasu halittu ne suka sassaƙa ta. Da wani kumbon ya sake ɗaukar wurin da kyamara mafi kyau a 2001, sai ga tsauni kawai. Inuwa ce ta zana idanun da bakin.

Inda nake so ki lura shi ne nan. Ke kin san silin silin ne, kuma tun ƙuruciya kike haka, wannan ba ciwo ba ne. Amma in fuskar ta fara motsi, ko tana magana, ko mutum ya gaskata akwai wani a wurin, to a je asibiti. Haka in dattijo ya fara yawan ganin fuskoki kwatsam, ga mantuwa, ga rawar hannu ko nauyin tafiya, domin cutar Parkinson da wani nau'in ciwon mantuwa suna zuwa da haka. Zazzaɓi mai zafi, rashin barci na kwanaki da shaye-shaye ma suna jawo shi.

In ta silin ɗin ce ke hana ki barci, duhu da fargaba ne ke ƙara mata kama. Kunna fitila ki dube ta da kyau, sannan a gyara inda rufin ke yoyo a shafa fenti.