Tambaya da Amsa: Hutun Hunturu da Ƙananan Yara

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a Jos da 'ya'yanmu biyu, babbar tana da shekara 5, ƙaramin kuma shekara 2. Duk Disamba maƙwabtanmu Kirista suna yi wa yaransu ɗinki, suna ta girke-girken Kirsimeti, sai 'yata ta riƙa tambayata dalilin da ya sa mu ba mu da wani abin yi a lokacin sanyi. Mun yi nisa da dangi, kuma ƙarfinmu bai kai mu tafi gida kowane hutu ba. Wace al'ada zan kafa musu? Daga wata uwa a Jos.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ya ɗauki hankalin 'yarki shi ne ganin gida guda ya taru a kan abin da kowa ya san zuwansa kuma yake ɗokinsa, wannan kuwa ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Yaro mai shekarunta yana riƙe abin da ake maimaita masa ne, saboda haka ki zaɓi abu biyu ko uku da za ki iya yi bana, ki kuma sake yi baɗi ba tare da kin ci bashi ba.

Na farko da nake ba ki shawara a kai shi ne tatsuniya, domin a gargajiyance bayan an gama girbi, dare ya yi sanyi, yara kan taru wajen kakanni a sha hira. Bayan sallar isha'i ki shimfiɗa tabarma, ki kashe talabijin, ku lulluɓa da bargo ɗaya, ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ki koya mata ta amsa da "Ta zo mu ji ta". Kada ki damu idan ta nemi labarin Gizo da Ƙoƙi guda ɗaya dare bakwai a jere, haka yara suke, kuma nan gaba kaɗan za ki ji ita ce take faɗa wa ƙanenta. Idan kakarsu tana da rai, a kira ta a waya ta yi musu da bakinta, kuma a roƙi maigida ya zauna tare da ku ko da sau ɗaya a mako.

Ki ware safiya guda ta kunun gyaɗa da ƙosai, ki bar yarinyar ta taya ki ɓare gyaɗa. Idan maƙwabta sun aiko da abinci, kamar yadda aka daɗe ana yi a Jos da Kaduna, ki tura ta ta yi godiya, ki gaya mata cewa ranar Sallah ita za ta kai musu nata kwanon.

Ki kuma sanar da ita cewa bikinta yana matsowa cikin sanyi. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, shi ya sa ƙaramar Sallah take dawowa baya kowace shekara. A 2025 ta faɗo a ƙarshen Maris, kuma bisa lissafi za a ga watan azumi sau biyu a 2030, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Ke nan za ta yi tashe da lalle da yawon Sallah cikin rigar sanyi tun tana firamare.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba. Kada ki shigar da kaskon gawayi ɗaki ki rufe ƙofa don yara su ji ɗumi, domin garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma hallaka mutane cikin barci. A ji ɗumi a tsakar gida da babba a kusa, a kashe wutar kafin a kwanta. Ki jinkirta wankan yara sai rana ta fito, ki shafa musu man kaɗanya saboda kaushi da tsagewar leɓe, idan kuma ƙaramin ya fara tari da saurin numfashi, ki kai shi asibiti a ranar.