Amai da gudawa: daga ina yake shigowa, me ya kamata a saya?

Wata uwa daga Zariya ta rubuto cewa bayan wani biki mutum shida a gidansu suka kwanta amai da gudawa, har da 'yarta mai shekara biyu, wai wane magani za ta saya.

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba su lafiya, kwantar da hankalinki. Abin da ke kisa a ciwon nan ƙarewar ruwan jiki ne, to ki fara da ORS, wato garin gishiri da suga na leda da ake narkawa a ruwa, ki narka leda ɗaya a ruwan da aka rubuta a jikinta, ki riƙa ba yarinyar kaɗan-kaɗan da cokali ko tana amai. Ki haɗa da ƙwayar maganin zinc, kwana goma zuwa sha huɗu. In ba ORS a kusa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In tana shan nono kar ki tsayar. Amma in idonta ya zurma, ko ta daina fitsari, ko kashin ya koma kamar ruwan shinkafa, ki ajiye wayar nan ki tafi asibiti yanzu yanzu.

Wani kuma ya ce Flagyl ya fi ko kafso ja da rawaya, wanne zai ajiye a gida.

Ko ɗaya. Yawancin gudawar yara ƙwayar bairas ce, maganin nan ba ruwansa da ita, kuɗinka kawai kake zubarwa a kemis. Rigakafin rota kuwa, bairas ɗin da ke yawan sa yara gudawa, tun 2022 ake yi wa jarirai kyauta a Najeriya, shi ba ka tambaya ba.

Sai wani magidanci daga Kano, ya ce layinsu gida biyar sun kamu, ana ta zargin mai awara, yana so ya san ko ya hana yaransa saye.

Malam, kafin a ɓata wa baiwar Allah sana'a a yi bincike tukuna. Ka ɗauki biro ka bi gidajen nan: wa ya kamu, yaushe ya fara, me ya ci me ya sha, sannan ka tambayi waɗanda ba su kamu ba su ma. In guba ce ta abincin da ya kwana, cikin 'yan awoyi take tashi, kwalara kuwa tana iya kai kwana biyar kafin ta nuna, kaga abin da mutum ya ci ƙarshe ba lallai shi ne ba. Haka wani likita John Snow ya yi a Landan a 1854, ya bi gidajen waɗanda kwalara ta kashe ya gano famfo ɗaya suke sha, aka cire hannun famfon.

Ni dai ruwa nake fara zargi, kuma nan ne nake jin haushinmu. Mutum zai sayi waya mai tsada amma fiya wata sai ya nemi mafi araha, jakar da aka shanya a rana a kan kwata, ba sunan kamfani ba adireshi, lambar NAFDAC ɗin ma ta goge ko an kwafo ta wani wuri, kuma ya ciji ledar da haƙori bai ko ɗauraye ba. Ga ƙanƙara, ita ce babbar munafuka, ka tafasa zoɓo da kyau sannan ka jefa ƙanƙarar da ba ka san da ruwan da aka yi ta ba, sanyi baya kashe ƙwayoyin nan. A 2024 da kwalara ta ɓarke a Legas, hukumomi sun danganta wani ɓangare da kunun aya na gora marar rajista. Ka taɓa leƙa cikin jarkar mai ga-ruwanku? Ka leƙa, za ka ga gansakuka. Rijiya kuma in tana dab da shadda, damina na sauka shi kenan. Ka tafasa ruwan sha ko ka sayi Aquatabs, ƙwayar da ake jefawa a ruwa don tsabtace shi, randa a rufe, moɗa ɗaya mai mariƙi. In gidajen suna ƙaruwa ku kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a 6232.

Wata ta ce sanitaiza ko sabulu?

Sabulu, Hajiya, da ruwa mai zuba daga buta, ba kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba.