Tambayoyinku Kan MANCOVA a Manhajar R

Wasiƙun wannan makon duk a kan abu ɗaya suka taru, wato MANCOVA, hanyar ƙididdiga da ake kwatanta rukunai da ita a kan sakamako fiye da ɗaya a lokaci guda bayan an daidaita su da wani awo, kuma mafi yawansu daga masu rubuta kundin digiri na biyu. Don mu daidaita harshe, da misali ɗaya zan yi aiki: ɗalibai 90, an raba su rukuni uku, an koyar da kowane rukuni ta hanya daban. A ƙarshen zango an auna karatu, rubutu da lissafi. Kafin a fara koyarwa kuma an yi musu jarrabawar share fage, makinta na nan a kolam mai suna farko. Wannan makin na farko shi zan riƙa kira madaidaici, domin da shi ake daidaita rukunan kafin a kwatanta su. Teburin bayanan sunansa d.

Tambaya: Malam, na rubuta manova(karatu + rubutu + lissafi ~ farko + hanya, data = d), sai R ya ce mini "need multiple responses". Alhali sakamako uku na ba shi.

Amsa: Ɗaya ka ba shi, ɗan'uwa. Alamar tarawa a hagun ~ tarawa take yi da gaske, ta haɗe makin ukun ya zama lamba guda. Jera su kafaɗa da kafaɗa ake yi da cbind:

m <- manova(cbind(karatu, rubutu, lissafi) ~ farko + hanya, data = d)
summary(m)

Ka gode wa Allah da manova ka kira. Da lm ka yi amfani, wato umarnin R na gina tsarin miƙaƙƙen layi, da bai ce uffan ba, sai ya tara makin ya miƙo maka sakamako, ka ɗauka ka kai wa mai duba kundinka. Babu wani umarni na musamman mai suna mancova a cikin R na asali. Manova ne kawai da aka ƙara wa madaidaici.

Tambaya: Ni kuma summary ne ya tsaya, ya ce "residuals have rank 3 < 4". Karatu, rubutu, lissafi da jimillarsu na saka.

Amsa: Cire jimillar, 'yar'uwa. Ba ta ɗauke da wani labari da ukun can ba su riga sun bayar ba, kuma lissafin yana buƙatar juya matiris, wato teburin lambobi, na ragowar kuskure (residuals, bambancin da tsarin ya kasa bayyanawa), wanda ba ya juyuwa idan wani kolam haɗin wasu ne. Haka zai faru idan kika saka maki tare da kashinsa cikin ɗari.

Tambaya: Na yi aikin a R, abokina ya maimaita a manhajar SPSS da bayanai iri ɗaya, amma ƙimar p ta hanyar koyarwa ta bambanta. Ni na rubuta hanya + farko + halarta, inda halarta take nufin yawan kwanakin da ɗalibi ya zo aji a zangon. Na ƙara ta ne don wani ya ce yawan madaidaita yana ƙara ingancin bincike. Wanne daga cikinmu ya yi daidai?

Amsa: Zauna da kyau, domin wasiƙarka matsala biyu ta ƙunsa, ta biyun kuma ita ce ta fi damuna a duk abin da ake aiko mini.

Ta farko mai sauƙi ce. Umarnin manova yana rabon bambanci ne bi da bi, abin da ake kira nau'i na 1: wanda ka rubuta a gaba shi ke fara ɗiba, na baya ya samu abin da aka rage. Da ka sa hanya a gaba, an gwada ta ne tun ba a cire tasirin farko daga cikinta ba. Ke nan tambayar da ka je yi, wato shin hanyoyin sun bambanta bayan an daidaita matakin da ɗalibai suka fara, ba ita aka amsa maka ba. SPSS kuwa, idan ba ka sauya masa ba, nau'i na 3 yake amfani da shi, inda ake gwada kowane abu bayan an cire sauran duka. Abokinka ne ya fi kusa da daidai. Ko dai ka mai da madaidaici gaba, hanya a ƙarshe, ko ka bi ta inda na fi so:

library(car)
m <- lm(cbind(karatu, rubutu, lissafi) ~ farko + hanya, data = d)
Manova(m)

Lura da babban harafin M. Wannan nau'i na 2 yake bayarwa, bai damu da wa ke gaba wa ke baya ba, kuma muddin babu cuɗanya a cikin tsarin, wato inda tasirin wani abu yake dogara da wani, kamar farko * hanya, sakamakon hanya zai zo ɗaya da na SPSS. Idan akwai cuɗanya kuma lallai nau'i na 3 kake so, sai ka fara rubuta options(contrasts = c("contr.sum", "contr.poly")) kafin ka gina tsarin, sannan Manova(m, type = 3). Wanda ya tsallake layin farkon zai samu teburi mai kyan gani da lambobin da ba su amsa tambayarsa ba, kuma babu gargaɗin da zai fito.

Yanzu ga halarta. Wanda ya ce maka yawan madaidaita yana ƙara inganci ya cuce ka, ko da bai yi niyya ba. Ka yi tunani: a wane lokaci aka auna halarta? Bayan an fara koyarwa. Ɗauka cewa hanya ta biyu tana da daɗi, yara suna ɗokin zuwa aji, saboda haka suka fi halarta, saboda haka suka fi cin maki. Halartar nan ita ce ƙofar da amfanin hanyar ya biyo ya isa ga maki. Da ka saka ta a matsayin madaidaici, ka ce wa kwamfuta ke nan ta kwatanta yaran kamar duk kwanakinsu ɗaya, wato ta share ainihin abin da hanyar ta yi. Sai ƙimar p ta tashi sama da 0.05, ka rubuta cewa hanyoyin ba su da bambanci, alhali kai ka goge bambancin da hannunka. Akasin haka ma yana faruwa: idan akwai wani abu da ba ka auna ba, kamar lafiyar yaro, da ke shafar halarta da maki gaba ɗaya, daidaitawa da halarta na iya ƙirƙiro bambancin da babu shi.

Ƙa'idar ita ce madaidaici ya zama abin da aka auna kafin a fara gwajin, ko abin da gwajin ba zai iya taɓawa ba, kamar shekarun haihuwa. Sannan a zaɓe shi tun ana tsara bincike, da dalili a rubuce. Tun ran gini ran zane. Abin da nake gani a wasiƙu da yawa shi ne mutum ya gama tattara bayanai, ya zauna yana saka wannan kolam yana cire wancan har sai p ta sauko ƙasa da 0.05, sannan ya tsaya ya ce ya samu sakamako. Wannan ba bincike ba ne. Duk wanda ya gwada haɗi ashirin a bayanan da babu komai a cikinsu, akwai kyakkyawar dama ɗaya ya faɗo masa ƙasa da 0.05 don sa'a kawai. Kowane madaidaici kuma yana cin darajar 'yanci guda, wadda R ke rubutawa Df, daga ragowar kuskure. Idan ba shi da alaƙa mai ƙarfi da sakamakon, asara ce kawai. Biyu ko uku masu dalili sun fi takwas na tsince-tsince.

Akwai sharaɗin da ba ka ambata ba, kuma ina zargin ba ka duba shi ba. MANCOVA tana ɗauka cewa alaƙar farko da sakamako iri ɗaya ce a kowane rukuni, wato idan aka zana wa kowane rukuni layin wannan alaƙar, layukan ukun suna tafiya a jere ba tare da wani ya fi wani karkata ba. Gwada shi:

m2 <- lm(cbind(karatu, rubutu, lissafi) ~ farko * hanya, data = d)
Manova(m2)

Layin farko:hanya za ka duba. Idan ƙimar p ɗinsa ƙarama ce, to tazarar da ke tsakanin hanyoyin ta danganta da inda yaro ya fara. Wataƙila hanya ta uku tana ɗaga masu rauni sosai amma ba ta ƙara wa gwanaye komai. A nan babu lamba guda da za a kira "tasirin hanya", kuma wannan labarin ya fi wanda ka fito nema muhimmanci ga malamin aji. Ka bar cuɗanyar a ciki, ka ba da rahoton bambancin a matakai daban-daban na farko. Kada kuma ka tsaya kan p kaɗai, zana hoton: farko a kwance, karatu a tsaye, kowane rukuni da launinsa da layinsa. Idan ka ga jan layi ya miƙe sama, shuɗin kuma ya kwanta kamar tabarma, ka ga amsarka da idonka.

Abu na ƙarshe, ba ka faɗa mini yadda aka raba yaran ba. Idan da ƙuri'a aka raba su, aikin madaidaici shi ne rage hayaniyar kuskure, kuma yana yin sa da kyau. Idan kuwa azuzuwa ne da ka tarar a yadda suke, ɗaya na masu ƙoƙari ɗaya na masu rauni, to madaidaici ba zai mai da su tagwaye ba. Frederic Lord ya nuna tun 1967 cewa masu nazari biyu za su iya kallon bayanai ɗaya na irin waɗannan rukunai, ɗaya ya kwatanta canjin da aka samu, ɗayan ya daidaita da awon farko, su fito da hukunci mabambanta, kowa kuma lissafinsa ba kuskure. A irin wannan hali ka rubuta cewa an ga alaƙa, ka guji cewa hanyar ce ta jawo.

Tambaya: Rukunai uku gare ni, amma a teburin sakamako na ga Df na hanya 1 ne.

Amsa: Ka shigar da rukunan da lambobi 1, 2, 3, R kuma ya ɗauke su awo ne, kamar hanya ta uku ta ninka ta farko sau uku. Rubuta d$hanya <- factor(d$hanya) ka sake. Df zai koma 2, ragowar kuma 86 a misalinmu na ɗalibai 90. Idan ka ga ƙasa da 86, akwai layukan da R ya zubar a shiru saboda gurbi: ɗalibin da ya rasa maki ko ɗaya cikin kolam ɗin da ke tsarin, gaba ɗayansa ake cirewa. Ka saba da rubuta str(d) da summary(d) kafin komai. Nan za ka kama kolam ɗin maki da ya zama rubutu don wani ya buga "babu" a ciki, da kuma 999 da aka sa a gurbin wanda bai zo jarrabawa ba.

Tambaya: Pillai, Wilks, Hotelling-Lawley, Roy. Wanne zan rubuta a kundi?

Amsa: Duka huɗun ma'aunai ne na gwada ko rukunan sun bambanta a haɗin makin. Pillai za ki rubuta. Shi R yake fitarwa da kansa, shi ya fi jure wa saɓa sharuɗɗa. Idan sashenku ya saba da Wilks, summary(m, test = "Wilks") a kan tsarin manova zai ba ki. Roy ya fi kowa saurin cewa akwai bambanci, ƙimar p ɗinsa a R iyaka ce ta ƙasa, ki yi hattara da shi. Idan rukunai biyu ne kacal, duka huɗun F ɗaya suke bayarwa. Ki zaɓa kafin ki ga sakamako, ba bayan kin leƙa wanda ya fi yi miki daɗi ba.

Tambaya: Gwajin Box's M ya ba ni 0.03. Aikina ya rushe ke nan?

Amsa: Bai rushe ba. Gwajin nan yana duba ko yadda makin suka bazu da yadda suke alaƙa da juna iri ɗaya ne a kowane rukuni. Mai saurin tsorata ne, ɗan karkacewar bayanai daga rabon al'ada ya isa ya sa shi ƙara, shi ya sa da yawa ba sa ɗaga gira sai ya sauko ƙasa da 0.001. Idan rukunanka girmansu ɗaya, ko kusa da haka, ci gaba da Pillai. Damuwar tana zuwa ne idan wani rukuni 60 ne wani 12. Umarnin boxM yana cikin kunshin heplots. Abin da ya fi cancantar lokacinka shi ne neman ɗalibin da ya fita zakka: y <- d[, c("karatu", "rubutu", "lissafi")], sannan mahalanobis(y, colMeans(y), cov(y)). Wannan yana auna nisan kowane ɗalibi daga matsakaicin sauran. Ga sakamako uku, duk wanda ya haura 16.27 a koma a duba takardarsa. Sau da yawa 58 ne aka buga 580.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, a waya zan iya?

Amsa: Ta burauza, eh. Posit Cloud yana buɗe RStudio, manhajar da ake rubuta R a cikinta, a intanet, Google Colab ma yana karɓar R. Amma buga baka da waƙafi a madannin waya zai gajiyar da kai. Ka ari kwamfuta na yini ɗaya in da hali.

Tambaya: Pillai ya nuna akwai bambanci. Daga nan sai ina?

Amsa: Abin da ya gaya miki shi ne rukunan sun bambanta a wani wuri cikin haɗin makin uku, bai ce a wanne ba. A kan tsarin manova mai madaidaici a gaba, summary.aov(m) zai fitar da gwajin kowane darasi shi kaɗai. Tun da gwaji uku ne, ki raba 0.05 gida uku, ma'auninki ya zama 0.0167. Sannan matsakaitan da za ki sa a teburi waɗanda aka daidaita ne, ba ɗanyun da mean ke bayarwa ba. A kan tsarin lm:

library(emmeans)
emmeans(m, pairwise ~ hanya | rep.meas)

Sunan rep.meas shi kunshin yake ba wa jerin sakamakon, ki rubuta shi yadda yake. Zai ƙiyasta makin kowane rukuni a matsakaicin farko, ya kwatanta su biyu-biyu da gyaran Tukey, wanda ke daidaita ƙimar p saboda yawan kwatancen, a cikin kowane darasi. A kundin ki sa ƙimar Pillai, F da darajojin 'yancinsa biyu, waɗanda a misalinmu 6 da 170 ne, ƙimar p, sai matsakaitan da aka daidaita tare da tazarar amincewarsu, da ɗanyun matsakaitan a gefe don mai karatu ya ga yawan abin da daidaitawar ta motsa.