Dokin da aka ceto daga wulakanci: yaya zan fara da shi?

Malam, ka ce an ba ka doki ramamme mai gyambo a baya, kana son ya murmure kafin hawan Sallah. Ka manta da hawan bana.

Kada ka cika masa dawa ko gero lokaci guda don tausayi. Cikinsa ya saba da yunwa, hatsi mai yawa na iya jawo masa ciwon ciki har ya mutu. Fara da harawa da ciyawa kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana, ga ruwa mai tsabta. Ware shi daga sauran dabbobi na makonni biyu zuwa uku. Likitan dabbobi ya duba haƙoransa da kofato, shi zai tsara maganin tsutsar ciki. Sirdi kuwa, sai gyambon ya warke sarai.