Hukuncin Hutar da Dokin da Cuta Ta Tsayar wa Hanji

Tambaya: Malam, ina zaune a Sikotilan, ina da goɗiya 'yar shekara 4. Ta kamu da cutar da ake kira ciwon ciyawa, likitan dabbobi ya ce ba za ta tashi ba, gara a yi mata allurar mutuwa. Ya halatta in yarda?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da alheri. Sai an fahimci cutar kafin a yi hukunci. Tun farkon ƙarni na 20 aka gane ta a dawakin sojoji kusa da birnin Dundee na Sikotilan. Tana lalata jijiyoyin da ke motsa maƙogwaro da hanji, sai abinci ya tsaya cik. Doki ya kasa haɗiya, yawu na dalala, ciki ya kumbura, wani lokacin ruwan tumbi ya riƙa fitowa ta hanci. Mai tsananin kan kashe cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta da magani. Akwai kuma mai jan lokaci, wadda wasu dawaki ke tsira daga gare ta in an yi jinya da haƙuri.

A nan hukuncin ya rabu. Idan mai tsananin ce, kuma ƙwararren likita ya tabbatar, ya halatta ka hutar da ita. Shaihu Halilu ya faɗa a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa ana iya yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammani daga gare ta, doki kuwa a mashahurin zancen Malikiyya ba a cin sa. Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta namansa, don haka yanka shi ba matsala ba ne a wurinsu. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kome, har a wajen kisa da yanka. Ni a ganina, barin dabba tana murƙususu ga ruwa a gabanta ta kasa sha, ba tausayi ba ne.

Allura ta wadatar, tunda hutarwa ake nufi. Amma gawar mushe ce, ga dafin magani a cikinta, kada mutum ko kare ya ci.

Idan kuwa mai jan lokacin ce, tana iya haɗiya ko da kaɗan, kada ka yi gaggawa. Jinyarta haƙƙi ne a kanka gwargwadon ikonka. Ka tambayi likitan kai tsaye wace iri ce.

Allah ne Mafi sani.