Yaya, ga abin da ya kai ɗiyarka kan titi da kwali a hannu

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya iyali, ya zafin Maradi? A gaida su Hajiya da mutanen Bagalam baki ɗaya.

Saƙon muryarka sau uku na saurare shi. Faɗan ya iso, kuma na karɓa. Ka ce ka ga hoton mai sunan Inna a WhatsApp cikin taron baƙaƙen Amurka tana riƙe da kwali, ka ce shin neman abinci ya kai mu ko neman rigima, me ya haɗa kifi da kaska. Da farko ka kwantar da hankalinka, ba tarzoma ba ce. Litinin ta uku a watan Janairu hutu ne a ƙasar nan, ana jerin gwano don tunawa da Martin Luther King, malamin cocin nan mai fafutukar ƴancin baƙaƙen fata da aka harbe a 1968. Ni na kai ta da motata, kuma ba mu kaɗai ne ƴan Nijar a wurin ba.

Da na iso Girinsboro, garin da muke zaune a jihar North Carolina, irin tunaninka ne a kaina. Waɗanda suka riga mu zuwa sukan ja kunnen sabon baƙo: yi aikinka, aika kuɗi gida, nisanci baƙaƙen nan. Ba zan ɓoye maka ba, muna ɗaukar kanmu ƴaƴa, su kuma jikokin bayi. Har a majalisar shayi muna faɗa.

Sallar Juma'a ce ta fara gyara mini zama. A kamfanin da nake ɗaure kaya cikin kwalaye, shugaban sashenmu ya ce ba zancen fita da tsakar rana, in sallah nake so in nemi wani aikin. Juma'a uku ta wuce ni, ina zuba azahar a bayan tarin kwalaye. Wata dattijuwa baƙar fata da muke layi ɗaya, Kirista ce ta gaske, ta lura. Ranar nan lokacin cin abinci ta ajiye cokalinta, ta kama hannun rigata kamar yaro, ta kai ni ofishin masu kula da ma'aikata. Ta ce musu dokar 1964 ta hana nuna wa ma'aikaci bambanci saboda launi ko addini ko ƙasar da ya fito, kuma wajibi ne su duba yadda za a daidaita. Aka daidaita: in fita in dawo, in rama awa biyun da yamma. Muna fitowa na shiga zuba godiya, sai ta ce in daina gode mata, in je titin Elm in ga inda aka fara biyan kuɗin.

Na je. Tsohon kantin Woolworth ne, tun 2010 an mayar da shi gidan tarihi. Dogon teburin cin abinci yana nan da kujerunsa masu juyawa, a jere. A da baƙar fata yana iya shiga ya sayi sabulu ko littafi, a karɓi kuɗinsa, amma bai isa ya zauna kan kujerar nan ba. Ranar 1 ga Fabrairun 1960 ɗalibai huɗu na jami'ar A&T suka sayi ƴan kayayyaki, suka riƙe rasiɗinsu, suka zauna suka ce a ba su kofi. Aka hana su. Ba su yi zagi ba, ba su tashi ba har aka rufe kanti. Washegari suka dawo da wasu, kafin mako ya ƙare sun kai ɗaruruwa, abin ya bazu garuruwan kudu. Sai 25 ga Yuli kantin ya sauko, kuma baƙaƙen da aka fara zuba wa abinci a teburin ma'aikatan kantin ne da kansu. Lissafa ka gani, Yaya: kwana tara ke nan kafin Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta. Ɗaya daga cikin huɗun, Ezell Blair, daga baya ya musulunta ya koma Jibril Khazan.

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne da na gane ko shigowarmu ƙasar nan albarkacinsu muka ci. Kafin 1965 dokar shige da fice ta fifita mutanen arewaci da yammacin Turai, ɗan Afirka sai dai ya leƙa. Guguwar da ta kawo dokar 1964 da dokar kare ƴancin zaɓe ta 1965 ita ta tura aka soke wancan tsari a shekarar. Wato shagon da ka buɗe da kuɗin da na aiko, akwai gumin mutanen da muke rainawa a cikinsa.

Sannan a nan ba wanda ke tambayar ɗan gidan wa kake. Takardar makaranta, ta asibiti, ta neman aiki, duk akwai gurbin launi, kuma Bahaushe da Bazabarme da Bafillace duk gurbi ɗaya muke cikewa: baƙi. Ɗan sanda cikin dare ba ya ganin tsagar Gobir. Amadu Diallo Bafillacen Gine ne, ɗan tireda a Niyok. A Fabrairun 1999 yana ƙofar gidansu ya sa hannu ya ciro walat, ƴan sanda huɗu suka sakar masa harsashi 41, guda 19 suka same shi, kotu kuma ta wanke su. Shi ya sa duk yaron da ya fara tuƙi a cikinmu sai manya sun zaunar da shi. A hanyar Ɗan Isa in jandarma ya tsayar da kai, saukowa kake da fara'a, ka miƙa hannu a gaisa, ka laluba aljihu ka ciro takardu. A nan wannan ladabin yana iya kashe ka. Hannu biyu kan sitiyari, kada ka sauko, kada ka taɓa aljihu sai ka faɗa an amince.

To haka zamanmu ya koma. Asusunmu yana nan, kuɗin jana'iza da na suna ana tarawa kamar gida. Amma yanzu duk wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa, kafin a gama yi masa barka an tambaye shi ko ya yi rajistar zaɓe. Da azumi muna buɗe baki da musulmi baƙaƙen Amurka, mu kai fura da ƙosai, su kawo soyayyen kifi. Ba na ce an zama uwa ɗaya uba ɗaya ba. Yaransu kan tsokani namu a makaranta kan harshe da suna, mu ma har gobe akwai dattijan da in ɗiyarsu ta kawo ɗan can sai gidan ya kama da wuta. Wasu kuma ba su da takardu, ko kusa da taro ba sa zuwa, kuma ban ga laifinsu ba.

Saura abin da ban so faɗa maka a waya ba. Ɗiyar taka ta yi bincike don aikin makaranta, ta gano sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu. Ta karanta labarin Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, har kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ci gwamnati tarar sefa miliyan 10 a 2008 don ba ta kare ta ba. Muna cin tuwo ta ɗago kai ta ce: Baba, to shi mutumin da ya nemi auren Gwaggo aka hana shi, aka ce a duba asali, me aka gani a asalin? Loma ta tsaya mini a wuya. Ka san labarin, kana cikin waɗanda aka aika su mayar da kayan.

Na ce mata ta bari sai mun zo hutun damina ta tambayi Babanta na Maradi, shi ne babba. Tikiti mun riga mun yanka, ta Yamai za mu sauka in sha Allah. Yarinyar ba ta mantuwa, har ta rubuta tambayar a bayan littafinta.