Allurar sassauta muƙamuƙi ga mai cizon haƙora cikin barci

Malama, kin ce kina tashi da ciwon muƙamuƙi saboda cizon haƙora da dare, kina tambaya ko allurar Botox, mai sassauta tsokar nama, za ta raba ki da shi. Tana rage ciwon, amma cizon yana nan, ƙarfinsa kawai take karyawa.

Cije haƙoranki ki taɓa gefen kumatu kusa da kunne. Naman da ya kumburo ɗin nan ake yi wa, galibi yunit (ma'aunin maganin) 20 zuwa 30 kowane gefe, a wuri biyu ko uku. Sai bayan mako biyu aikinta ke kankama, ya saki cikin wata 3 zuwa 4. Idan allurar ta matso gaba da yawa, murmushi ya karkace har sai ta sake ki. Tauna kilishi ko goro ma zai yi wuya a farko. Ga kuma zafin Maraɗi: maganin yana son firji, digiri 2 zuwa 8, don haka ki tambayi yadda aka adana shi. Mai juna biyu ba a yi mata.

Ni da za ki ji, fara ganin likitan haƙori ya auna miki robar da ake kwana da ita a baki, ki kuma bar shayi mai kauri bayan magariba.